Kurmin da muka dasa ya zama gidaje: ina Maradawa ke kai yara shan iska yanzu?

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da Salla. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun jiya, in ban amayar da shi nan ba barci ba zai zo ba.

Shekara 19 ke nan ina Yamai wurin aiki. Zuwa gida sai biki ko rasuwa, daga tasha sai gidanmu a Sabon Gari, daga gida sai tasha. Bana na ce da yara zan yi Salla a Maradi. Jiya da la'asar zafi ya ishe mu, ga wuta an ɗauke, yara sai ƙorafi. Na ce ku sa takalma in kai ku ku ga iccena.

Tun suna goye nake ba su labarin wani kurmin bedi da ke bayan gari ta gabas. Mu muka dasa shi ranar 3 ga Agusta 1985, ina aji biyar. Ana cikin bakansi, wato babban hutun makaranta, amma mushe, malaminmu, ya bi gida-gida ya ce duk wanda bai fito ba zai gane kurensa in an koma. Aka jera mu da ƴan samariya, kowa aka miƙa masa ɗan dashe cikin baƙar leda, ramuka an riga an gina su a layi da igiya. Nawa yana layi na uku, kusa da wani suri. Na yagi bakin zanena na ɗaura masa don kar ya ɓace mini, abin da ya ja mini duka wurin Inna da na koma gida. Da rani ya shigo mu uku muke zuwa da gwangwanin madara muna ba shi ruwa, muna gyara ƙayar da aka kewaye shi da ita saboda jajayen awakin nan namu da ba sa barin ko tsinke. Lokacin da na shiga lise, wato babbar sakandare, wurin ya yi duhu, ɗalibai na shimfiɗa tabarmi suna bitar karatu, masu rake da ƴan tallar gyaɗa suna zagayawa.

Jiya mai adaidaita ya yi ta yawo da mu har ya fara tsaki. Gidajen bulo, shagon caji, wurin wankin mota. Bedi ɗaya tak muka gani, rabinsa cikin katangar wani gida, mai faci ya baza kayansa a ƙarƙashi. Autana ya dube ni ya ce, Mama ko dai tatsuniya kika yi mana? Wallahi sai da na kau da fuska.

Waɗanda ba su bar gari ba, don Allah yaushe wurin nan ya tafi? Kuma yanzu in mutum yana son ya kai iyalinsa inuwa su zauna awa biyu ba tare da ya sayi komai ba, ina ake zuwa?

Lawali Kabu-kabu:
Tanti barka da Salla. Amsar tambaya ta biyu gajera ce: ƙofar gida.

Baƙon Kano:
Afuwan, mene ne bedi?

Mushe Sani Mai Ritaya:
Darbejiyarku ce, wasu su ce dogon yaro. Baƙo ne ma a ƙasar nan, daga Indiya asalinsa, zamanin Nasara ya yaɗu. Hajiya, na san kurmin da kike nufi, ni ma na kai ƴan ajina can. Ina gidan gaisuwa, zan dawo kansa da dare.

Baba Alhaji Na Bagalam:
Ɗiyata, Allah ya ba ki haƙuri. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Kurminku na san shi, amma mu a wurinmu yaro ne. In ana maganar inda Maradawa ke shan iska, to ƙasa ake gangarawa, ba gabas ba. Fadamar gulbi ita ce lambun garin nan tun kafin a san wata kalma wai wurin shaƙatawa.

Ku yara ba ku san cewa garin kansa cikin kurmi aka kafa shi ba. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanmu suka fito suka yi ta yawo, sai wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maradi. Me ya sa nan? Saboda dajin da ke cikin kwarin. Mai doki ba ya kutsa shi da gudu, wanda bai san hanya ba sai ya ɓace. Itace shi ne ganuwarmu ta farko, kafin ta ƙasa. A nan ƙasan aka yi zamanin Ɗan Baskore da duk yaƙe-yaƙen da kuke ji. Sai a 1945 gulbi ya yi ambaliya ya ci gari, gidajen ƙasa suka narke, Nasara ya ce a hau tudu. Shi ya sa kuke ganin titunan tsakiyar gari a miƙe kamar an ja su da zare. Unguwanni suka hau da sunayensu, Bagalam, Ƴandaka, Limanci. Inuwa dai ba ta hau ba. Tudu rairayi ne da sabara.

Ni an haife ni shekara bakwai bayan ruwan. Ranar Juma'a bayan an sauko, mahaifina yakan riƙe hannuna mu gangara. Ya tsaya gindin wata tsamiya ya ce nan ne zauren gidanmu, can inda kanya take nan ne rijiya. Ba ya daɗewa, sai ya yi addu'a mu juya. Ni abin da ya dame ni lokacin kanya ce da ɗinya, ban san abin da yake kallo ba sai da na tsufa.

Wanda bai ga fadamar nan ba kafin farin 1973 bai ga komai ba. Gawo, ɓaure, tsamiya, marke, kana tafiya tsakar rana ba ka ganin inuwarka. In ruwa ya janye ya bar tabkuna, mu shiga kamun tarwaɗa da hannu, da rani a tono gaiwa cikin busasshen laka. Birai har gonar rogo suke shiga. Ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi, iyaka in ka tsinki mangwaron mutane ka sha bulala.

Bagobirin Tibiri:
Baba ya hwaɗi gaskiya. Mu ma nan Tibiri haka munka tashi. Bayan da Kantu ɗan kokowa ya kada kowa a Tawa a 1975, duk yaron da ya sauka rairayin gulbi sai ya ce shi ne Kantu. Ni kaina an kada ni ya hi sau ɗari da wanga suna. Amma a daina kewaye-kewaye, abin da ya kashe gulbi an san shi: madatsar Jibiya. Tun da anka tare ruwan wajen 1990, gulbin da ka yin watanni shina gudu sai ya zo ya wuce awa baƙon da ya yi kuskuren gida. Icen da saiwarshi ta saba da ruwa kusa, mi kake so ya yi?

Ɗan Jibiya:
To, an zo kanmu. Malam, ruwan daga wajenmu yake tasowa, ya ratsa ku, ya sake komowa Najeriya ya faɗa Rima. Ba mu da riba in ya mutu. Kuma akwai yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan kogunan da muka haɗa, har da wannan.

Bagobirin Tibiri:
Takarda ba ta shayar da gawo.

Hamsatu Ta Zariya:
Bagobiri bawana, ko ruwan Maliya aka sako maka sai ka yi ƙorafi. Zauna in yi magana.

Ina karanta ku tun ɗazu, kowa yana ta da can da can. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, na sani. Amma ku lura, ban da Maman Nafisa duk maza ne ke da wannan daɗin. Ni a Ɗan Gulbi na girma, babana ma'aikaci ne aka kawo shi daga Doso. Mu ƴan mata ma muna gangarawa fadama, amma da kwanon wanki a kai, mu dawo da ɗaurin itace. Kuna ninkaya muna dirzar kayanku. In kika tsaya kallon ruwa minti biyar a ce kin lalace. Uwata ta yi shekara 30 a garin nan, ban taɓa ganin ta zauna gindin itace don hutu kawai ba.

Saboda haka ni ba fadamar da nake nema ba. Ina son wuri mai inuwa da benci da makewayi mai tsabta da famfo, inda mace za ta zauna da ƴaƴanta ba wanda zai zo ya tsaya mata a kai yana tambayar ina mijinki. A Yamai ko ba komai akwai gidan tarihi na Bubu Hama, ranar Salla a kai yara su ga zaki da dorina, ko da cunkoso. Mu nan da aka yi Maradi Kwalliya a 2015 mun ga kwalta da fitilu da gine-gine, an gode, amma ban ga inda zan shimfiɗa tabarma ba.

Bagobirin Tibiri:
Bazabarma ta yi magana mai ma'ana, yau sai ruwa.

Lawali Kabu-kabu:
Ni dai da izinin manya zan faɗi wadda ba a so. Duk mai kukan kurmi a zauren nan ya gaya mana inda gidansa yake. Zariya da Ali Ɗan Sofo da duk unguwannin da suka biyo baya, da can mene ne? Gonaki ne da itatuwa. Kun samu kare, wato filin gini, lokacin yana araha, kun sare abin da ke ciki, kun gina, kun huta. Yanzu da layi ya zo kanmu sai a ce a bar wa tsuntsaye. Ƙidayar 2012 ta ce mutanen garin nan sun haura 260,000, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadi. Kullum ina ɗauko mutane daga tasha da buhunansu, daga ƙauye suke, ba mai niyyar komawa. Ina za su kwana, kan reshe?

Ni ɗaki ɗaya nake haya da mata da yara uku. Watan huɗu in dare ya yi a waje muke kwana don kwanon ɗakin kamar tanda. Wallahi in aka ba ni kare cikin kurmin nan gobe zan karɓa, kuma ba zan ji kunya ba. Laifi tudu ne.

Maman Nafisa:
Lawali ka taɓa ni inda ke ciwo. Zan ba ka amsa, bari in ji sauran.

Tsohon Gardi:
Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Na yi shekara 31 ina aikin tsaron daji, kaki da hula da babur. Lawali, kai da Hajiya duk kuna da gaskiya, amma akwai abin da ke ƙasan maganar.

Tun dokar Nasara ta 1935 itace na hukuma ne. Bayan ƴancin kai ma haka aka ci gaba. Akwai jerin itatuwan da ba a taɓawa, gawo na ciki, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Mu aikinmu kamu da tara. Wata rana, ina sabon shiga aiki, na tare wata tsohuwa a hanyar ƙauye da reshen gawo a kai, ta sara wa awakinta. Na karɓe gatarin, na ce tara jika biyar. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta sauke reshen a gabana ta ce, ɗana, gonar mijina ce, shi ya bar icen tun yana tsiro. In wanda ya raine shi ba shi da ikon reshe ɗaya, to na gaba da zai tsiro da fartanya zan tare shi. Na yi dariya lokacin. Gatarin ya yi shekara a ofis.

Abin da ta faɗa shi kowa ke yi. Manomi ya ga ɗan gawo ya fito, sai ya cire shi tun ba wanda ya gani, don kar ya girma ya jawo masa gardi. Muna tsaron itace muna ƙarar da shi. A ɗaya gefen kuma ana ta dashe. Tun 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, a 1984 Janar Kunce ya tara ƙasa duka a nan garin kan maganar hamada, aka fito da abin da ake kira alkawarin Maradi. Kurminki, Hajiya, ɗan wannan alkawarin ne, shi ya sa mushenku ya bi ku gida-gida. An dasa da yawa. Amma in kika tambaye ni cikin goma nawa suka kai shekara uku, sai in sunkuyar da kai. Ranar dashe akwai kiɗa da jawabi. Ranar ban ruwa ba kowa, sai irinku masu gwangwanin madara.

Rahila Ɗalibar Noma:
Baba Gardi na gode da wannan, a aji ba a faɗa mana shi haka. Abin mamaki shi ne lokacin da gari ke rasa inuwa, ƙauye samu yake yi. Ku hau hanyar Agye ko Tasawa ku duba gonaki.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a nan Maradi, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa ƴan kumbunan da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa, wata ta fi shekara 50. Ba sai ka dasa ba. Ka zaɓi tsiro uku zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka kare su daga dabba. Da yake saiwar ta riga ta kai ga danshi, cikin shekara uku sai ka ga itace ya fi ka tsawo. Shi ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi, kuma gero bai ragu ba. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, taki yake ba ta. Maƙwabta suka kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a ƙasar nan, mafi yawa tsakanin Maradi da Damagaram. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a Suwidin tare da Yakuba Sawadogo na Burkina.

Amma abin bai kama ba sai da gardi ya sassauta, manomi ya tabbata icen nasa ne.

Bagobirin Tibiri:
Ɗiyata, ban raina aikin Bature ba, na san waɗanda sunka yi aiki da shi, mutumin kirki ne. Amma kakana bai san Ostareliya ba, gonarshi gawo goma sha. A Damagaram ana hwaɗin tun zamanin Sarki Tanimun wanda ya sare gawo ya shiga uku. Mun san abin, tsoron tara da masu cewa a share gona tas don gyaɗa sunka sa munka yar. Shi ya tuna muna, ba koya muna ya yi ba.

Rahila Ɗalibar Noma:
Na yarda Kawu. Kuma kan maganar Jibiya, madatsar ta rage ruwa, ba musu. Sai dai a haɗa da injinan ban ruwa da ke zuƙa daga Jiratawa har Sumarana da Tarna, da yashin da ke gangarowa daga tudu tun da aka aske shi. Tamakar da muke kwaɗo da ita, wato zogale, da tumatir da albasa duk ruwan nan suke sha.

Mushe Sani Mai Ritaya:
Na dawo. Hajiya, kin tambayi yaushe kurmin ya tafi. Ba shi da rana. Da an zo da katafila rana ɗaya da mun fito. Ni gidana ba nisa, a gabana aka yi, kuma ban ce uffan ba.

Da fari mai gadin da aka sa ya tsufa ya rasu, ba a sa wani ba. Sai mata suka fara karya rassa, ba laifi, itace tsada. Sai masu amalanke suka fara ɗibar yashi ta gefen kudu har saiwoyi suka fito waje. Sai aka fara zuba shara, leda ta rufe ƙasa, wanda zai zauna ya daina zuwa. Da mutanen kirki suka daina zuwa sai ƴan shaye-shaye suka gaje wurin. Wata shekara aka tare wata yarinya da magariba aka ƙwace mata waya. Daga ranar mutanen unguwa da kansu suka fara cewa gara a raba shi a huta. Kin ga lokacin da aka zo kafa duwatsun iyaka ba wanda ya yi musu, har murna aka yi. Wanda ya samu kare, in bedi na ciki, ya kwakkwafe ɓawonsa zagaye ya bar shi ya bushe a tsaye, in an tambaya ya ce da kansa ya mutu.

Na yi shekara 34 ina koya wa yara waƙar dashen itace. Ban taɓa tara iyaye goma na ce mu je mu nemi takardar wurin nan ba. Gonar ƙauye tana da mai ita. Kurminmu kowa na cewa namu ne, amma da za a ce mai shi ya ɗaga hannu, ba hannun da zai tashi. Yamai ma da ke da hukuma a kusa, dubi yadda gidaje suka cinye kurmin da aka kewaye ta da shi tun 1965.

Habu Madarunfa:
Kuna ta kuka kamar an ce duniya ta ƙare a Maradi. Ku zo Madarunfa mana. Ba ta kai kilomita 30 ba. Tafki na nan, ruwan Gulbin Gabi na shiga, bayan damina ka tsaya wannan gaɓa da ƙyar ka gane mutum a waccan. Lokacin sanyi tsuntsaye har daga ƙasashen Turawa. Masunta za su ɗauke ku a jirgi da ɗan abin da ba a rasa ba, a soya muku karfasa a bakin ruwa. Ga dajin hukuma a gefe, ga kaburburan waliyyai 99 da suka kewaye tafkin. Tun 2006 Nijar ta miƙa wurin ga UNESCO cikin jerin waɗanda take son a sa a kayan tarihin duniya. Gaba can kudu ga Baban Rafi, inda iyayenmu suka yi fama da giwaye suna tattake musu gero.

Sai dai zan roƙe ku abu ɗaya, mutanen birni. Bara washegarin Salla motoci sun fi ashirin. Da suka watse ni da ƙannena muka cika buhu shida da ledar ruwa da gwangwanin lemo. Akuyar maƙwabcinmu ta mutu, da aka farke ta leda ce cunkus. Tafkin ma yashi na cin sa, inda muke nutso muna yara yanzu watan biyar gwiwa yake kaiwa. In za ku zo ku yi mana irin ta kurmin Mushe, ku yi zamanku.

Abu Huzaifa:
Zuwa kallon ruwa ba laifi. Amma a ji tsoron Allah kan maganar kaburbura, ana zuwa ana roƙon matattu, wannan ba addini ba ne.

Habu Madarunfa:
Malam ba wanda ya ce ka roƙi kowa. Kakanninmu ne ke kwance a wurin. Kuma in ka duba, itatuwan da gatari bai taɓa ba su ne na kusa da kaburburan.

Mai Kula Da Zaure:
Malam Abu, Habu, ya isa haka. Mun san inda wannan hanyar ke kaiwa, bara sai da muka fitar da mutum huɗu. A koma kan itace.

Maman Nafisa:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Mushe na gode, gara da ka faɗa mini yadda aka yi, da ina ta zagin wanda ban sani ba.

Lawali ga amsarka. Ina da kare a hanyar Dakwaro, yayana ya saya mini shekara takwas da suka wuce, da kuɗin adashe. Sau ɗaya na taka wurin. Gonar wani ce, akwai gawo biyu da aduwa ɗaya a ciki. Watan jiya magini ya kira ni ya ce za su hana shi jan igiya, na ce ya yi yadda ya ga dama, ina cikin aiki ko tunani ban yi ba. Ɗazu bayan na karanta maganarka na kira shi. Aduwar da gawo ɗaya sun riga sun tafi, har an sayar wa mai gidan burodi. Ɗayan yana kusurwa, ya ce in an bar shi sai an rage ɗaki ɗaya. Na ce a rage. Yayana yana ta faɗa wai Yamai ta taɓa mini kai.

Lawali Kabu-kabu:
Tanti ban faɗa don ki ji haushi ba. Amma ɗakin da kika rage da kin gina kin ba ni haya.

Hamsatu Ta Zariya:
Kai dai Lawali ba ka da dama. Maman Nafisa yaushe za ki koma? In kina nan har Lahadi mu haɗa kuɗin mota mu kai yara Madarunfa. Ni zan yi dambu da kwaɗon tamaka. Bagobiri ya ɗauko tabarmi da buhun da za a kwashe shara, aikin bayi ne.

Bagobirin Tibiri:
Ni da ke da motar ake aike? To wuri shida gare ni, ban da Zabarmawa.

Habu Madarunfa:
Ku iso kafin la'asar, iska na tashi da yamma masunta ba sa son ɗaukar yara.

Rahila Ɗalibar Noma:
Mushe, filin da ke bayan makarantar unguwarku har yanzu ba a kafa masa duwatsu ba ko? Ina son in zo in ga ko akwai kututture masu rai a ciki. Kuma wa ake tambaya a ga takardarsa?

Mushe Sani Mai Ritaya:
Ba a kafa ba tukuna, amma na ga wasu da abin awo watan azumi. Zo gobe da safe mu fara zuwa wurin mai unguwa.

Baba Alhaji Na Bagalam:
Jikana ya karanta mini. In za ku tafi Lahadi ku biyo ta Bagalam ku ɗauke ni, amma bayan azahar, da safe ina da allura. Kuma ku bi ta ƙasa. Tsamiyar nan tana cikin garkar wani mai albasa yanzu, rabona da ita shekara shida, ƙafa ba ta kai ni. Ina son in nuna wa yaron nan da ya ce tatsuniya ce. A zo mini da kujera, ba na iya zaman tabarma.